Yadda mawaƙan Italiya na da suka siffanta Aljanna, daga Giacomino zuwa Dante

Wani ɗalibin adabi ya aiko mini da tambaya. Ya ce ya ji labarin cewa mutanen Italiya na zamanin da suna da waƙoƙin wuta da Aljanna irin waƙoƙin wa'azinmu. Yana so ya san ko Dante kaɗai ne ya yi irin wannan waƙa, da yadda suka siffanta Aljanna, da kuma ko gaskiya ne maganar da ake yi cewa daga labarin Mi'iraji Dante ya kwafo.

Ɗan'uwa, Allah ya ƙara basira. Ba Dante ne ya buɗe wannan fage ba, ya tarar da mutane a ciki. A ƙarni na 13 harshen ilimi da ibada a Italiya shi ne Latin, amma talakan da ke kasuwa da gona ba ya jin sa. Sai masu wa'azi, musamman mabiya tafarkin Faransis na Assisi, suka soma tsara waƙoƙi da harsunan gari don maganar lahira ta isa kunnen mai jima da masaƙi da matar gida. Dalilin nan ba baƙo ba ne gare mu, domin shi ne ya sa malaman ƙasar Hausa na ƙarni na 19, irin su Nana Asma'u, suka riƙa yin wa'azi a waƙe da Hausa da Fulatanci alhali sun ƙware a Larabci. Babu wanda ya ɗauka daga wani, bukata ce iri ɗaya ta haifi dabara iri ɗaya.

Shi kansa Faransis ya bar waƙa guda da harshen yankinsu na Umbria, wadda ya tsara wajen 1224 zuwa 1225 yana fama da ciwon ido. A cikinta yana yabon Ubangiji saboda rana da wata da iska da ruwa da wuta da ƙasa, yana kiran kowanne ɗan'uwa ko 'yar'uwa. An ruwaito cewa dab da rasuwarsa a 1226 ya ƙara baiti a kan mutuwa, ita ma ya kira ta 'yar'uwa, wadda babu mai rai da zai tsere mata. Bayansa an yi Jacopone na garin Todi, wanda ya rasu a 1306. Yana da wata waƙa da rayayye yake tsaye a bakin kabari yana tambayar gawa ina kyawawan tufafinta, ina gashin da ake tajewa, ina idanun, gawar kuma tana ba shi amsa ɗaya bayan ɗaya. Waɗannan biyu sun tsaya ne a bakin ƙofar lahira. Waɗanda suka leƙa ciki suka ce ga abin da ke can su ne Giacomino na Verona da Bonvesin na Milan.

Giacomino ɗan tafarkin Faransis ne, ya rayu a ƙarni na 13, ya bar tagwayen waƙoƙi da karin harshen Verona, ɗaya a kan Ƙudus ta sama, ɗaya a kan Babila birnin wuta. Tsarinsu ƙwar huɗu ne, kowane baiti ɗango huɗu masu amsa-amo guda, irin tsarin da ke da sauƙin haddacewa da rerawa a dandali. Aljannarsa birni ce mai ganuwa, kuma ya ɗauko tubalinta daga littafin Wahayin Yahaya na ƙarshen Baibul: ganuwar duwatsu masu daraja, tituna na zinariya da azurfa da ƙarau, kogi yana ratsa tsakiya, itatuwa suna 'ya'ya sau goma sha biyu a shekara. A bakin ƙofa akwai mala'ika riƙe da takobin wuta, ba ya barin ko ƙuda ya shiga. Sai kuma ya ƙara abin da mutumin zamaninsa zai ji ya lashe baki. Ya ce 'yan Aljanna barade ne na Nana Maryamu, tana ba su dawakai, na yaƙi jajaye, na kilisa farare, da farar tuta. Mutumin da bai taɓa mallakar ko jaki ba, kullum yana kaucewa daga hanya idan mahaya sun taho, an ce masa a can shi ne bisa doki.

Amma duk wanda ya karanta tagwayen nan zai ga cewa waƙar wutar ta fi rai. A can Giacomino ya mai da wani shaiɗani kuku, ya soke mai zunubi a tsinken ƙarfe yana gasa shi kamar alade, ya haɗa masa romo da gishiri da kunkunniya da ɗaci da dafi, ya aika wa sarkin wuta. Sarkin ya duba ya ce naman bai nuna ba, a mayar da shi. Akwai kuma wurin da ɗa da uba suke tsine wa juna a cikin azaba, ɗan yana cewa kai ka koya mini zamba, uban yana cewa dominka na tara haram. Wannan ya fi gasa naman ban tsoro, kuma shi ne wurin da na fi girmamawa a duk aikinsa, domin kowane mai iyali zai ji shi a ƙirjinsa.

Bonvesin malamin nahawu ne a Milan. Wajen 1274 ya rubuta waƙar da ya kasa uku bisa launin tawada. Baƙin rubutu a kan rayuwar mutum da mutuwarsa da azabobin wuta goma sha biyu, jan rubutu a kan wahalar Almasihu kamar yadda Kiristoci suka yi imani da ita, rubutun zinariya a kan ni'imomin Aljanna goma sha biyu. Ya yi aikin malamin makaranta, kowace azaba ya samo mata kishiya. Inda wuta take da wari Aljanna tana da ƙamshi, inda ake jin kururuwa can ana jin waƙe, yunwa da ƙishi suna fuskantar abinci, ciwo yana fuskantar lafiya, yanke ƙauna yana fuskantar tabbacin dawwama.

A nan matsalar take, kuma ita ce zuciyar amsata. Azaba tana da sauƙin faɗa, don kowa ya san ƙuna da yunwa da wulaƙanci, kuma azaba tana da motsi, akwai mai yi da wanda ake yi wa. Ni'ima madawwamiya ba ta da haka. Idan ka ce zinariya, ka ce lu'ulu'u, ka ce ƙamshi, ka ce waƙe, ka gama, sai ka koma ka ce babu yunwa, babu ciwo, babu tsoro, wato ka siffanta Aljanna da sunayen abubuwan da ba su cikinta. Giacomino da Bonvesin duk sun yarda cewa harshe ba zai iya ba, suka faɗi hakan, suka ci gaba da lissafi. Dante ne ya ɗauki wannan gazawar harshe ya mai da ita kayan aikinsa.

An haife shi a Fulorans a 1265, rikicin siyasa ya sa aka kore shi daga garin a 1302, bai sake taka shi ba har ya rasu a Ravenna a 1321. A wannan zaman gudun hijira ya rubuta doguwar waƙarsa ta tafiyar lahira, Commedia, da harshen garin da ya kore shi. Babi ɗari ce, kowane babi ana kiransa kanto: 34 na wuta, 33 na dutsen tsarkakewa, 33 na Aljanna, jimillar ɗango 14,233. Tsarinta ƙwar uku ce mai sarƙa, amon ɗangon tsakiya na wannan baiti shi zai zama amon farko da na uku a baiti na gaba, haka har ƙarshen kanto, ta yadda waƙar kullum tana jan ka gaba. Ya sanya tafiyar a shekarar 1300. Bari in ja hankalinka kan kashi na biyu, Purgatorio, don na sha jin ana fassara shi da barzahu ko A'arafi, kuma ba daidai ba ne. A aƙidar Katolika wuri ne na waɗanda an riga an tabbatar da tsirarsu, suna wanke sauran dattin zunubi kafin su shiga, kuma majalisar coci da ta zauna a Lyon a 1274 ta yi bayaninsa a hukumance, lokacin Dante yana ɗan shekara tara.

Aljannar Dante ba ta da ganuwa ko tituna. Ya gina ta bisa ilimin falakin zamaninsa, wanda Turai ta karɓo yawancinsa ta hannun malaman Musulmi. Shi da kansa ya ambaci Al-Fargani a wani littafinsa. Duniya tana tsakiya, sammai tara suna kewaya ta: na Wata, Uɗaridu, Zuhura, Rana, Mirrihu, Mushtari, Zuhalu, na kafaffun taurari, sai na tara wanda ke juya sauran. Bayan su akwai samaniya ta goma wadda ba wuri ba ce kuma ba ta cikin lokaci, haske ce zalla. Mai yi masa jagora ita ce Beatrice, matar da ya so tun ƙuruciya, wadda ta rasu a 1290. Ba ya jin tashi daga wannan sama zuwa waccan. Yana gane an hau ne kawai idan ya ga fuskarta ta ƙara kyau. Dubi wannan dabara da kyau: ma'aunin ɗaukaka ya tashi daga yawan dukiyar wuri ya koma ga ƙarfin idon mai kallo, kowace sama tana ƙara masa ikon jure haske.

A samaniyar Wata, mafi ƙasa, a kanto na 3, ya ga fuskoki dishi-dishi kamar inuwar fuska a cikin ruwa marar zurfi, har ya waiwaya yana zaton mutanen suna bayansa. Ɗaya daga cikinsu Piccarda Donati ce, 'yar garinsu, wadda ta keɓe kanta ga ibada a gidan mata masu zuhudu, 'yan'uwanta suka fizgo ta da ƙarfi suka aurar da ita. Dante ya yi mata tambayar da duk mai tunani zai yi idan an ce masa Aljanna hawa-hawa ce: ba kwa sha'awar matsayin da ya fi wannan? Ta yi murmushi ta ce ƙauna ta kwantar musu da buri, ba sa son komai sai abin da suke da shi, domin da sun so sama da haka da burinsu ya saɓa wa nufin wanda ya ajiye su a nan. Sai ta faɗi ɗangon da ya fi kowanne shahara a wannan kashi: a cikin nufinsa salamarmu take. Musulmin da ya karanta babin yarda da hukuncin Allah a littattafan tasawwufi zai gane abin da take nufi tun kafin ta rufe baki. Bonvesin ya ce babu hassada a Aljanna, Dante kuwa ya sa mace da aka zalunta a duniya, aka kuma ba ta mataki na ƙasa a sama, ta nuna maka dalilin da ya sa babu.

A kanto na gaba Beatrice ta rushe ginin da mai karatu ya ɗauka ya fahimta. Ta ce babu ran da ke zaune a Wata ko a Rana, dukkansu suna samaniya ta goma. Sun sauko ne suka bayyana mataki-mataki don hankalin ɗan Adam ba ya kama abu sai ta hanyar gani da ji, kamar yadda littafi mai tsarki yake ambaton hannu da ƙafa ga Ubangiji yana nufin wani abu dabam. Wato mawaƙin ya gaya maka da bakinsa cewa duk abin da zai nuna maka misali ne da aka yanka daidai da kai. Giacomino ma ya gargaɗi masu sauraronsa cewa maganarsa akwai misali a ciki, amma bai gina waƙarsa a kan gargaɗin ba.

Kada ka ɗauka wannan Aljanna ta haske ta manta da jiki. Wurin da ya fi taɓa ni a duk Paradiso, wato kashin Aljanna, yana kanto na 14. Rayukan malamai suna kewaye da Dante kamar fitilu, aka tambaye su ko wannan haske zai ci gaba bayan tashin ƙiyama, idan an mayar musu da jikinsu. Annabi Sulaiman ne ya ba da amsa da murya mai taushi. Ya ce jikin zai dawo, kuma zai fi hasken fitowa, kamar yadda garwashi yake fitowa fili a tsakiyar harshen wutar da shi ya haifar. Nan take rayukan suka yi saurin cewa amin, saurin da ya nuna suna kewar jikinsu. Sai Dante ya ce wataƙila ba don kansu kaɗai ba, don iyayensu mata ne, da iyayensu maza, da sauran waɗanda suka ƙaunata kafin su zama harsunan wuta madawwama. Kalmar da ya sa ta iyaye mata ita ce mamme, wadda yara ke kiran uwa da ita, kamar mu ce inna. A littafinsa na Latin a kan fasahar harshe shi da kansa ya lissafa kalmar nan cikin kalmomin yara da ba su dace da waƙa mai daraja ba. Ga shi ya sa ta a tsakiyar Aljanna, a bakin manyan malamai, suna so su sake ganin fuskar inna. Duk wanda ya binne mahaifiyarsa ba ya bukatar sharhi a nan.

Bai kuma guje wa tambaya mai wuya ba. A samaniyar Mushtari aka fito da damuwar da ta daɗe tana cin sa: mutum ne aka haifa a bakin kogin Indus, can ƙasar Hindu, babu wanda ya taɓa ba shi labarin Almasihu, ya rayu da gaskiya, ya mutu ba a yi masa baftisma ba, ina adalcin hukunta shi? Amsar da aka ba shi ita ce idon da bai wuce taƙi ɗaya ba ba zai yi alƙalancin abin da ke nisan mil dubu ba. Amma aka ƙara da cewa da yawa masu kiran sunan Almasihu za su fi nisa da shi ranar hisabi a kan wanda bai san shi ba, kuma mutumin Habasha zai kunyata irin waɗannan Kiristoci.

Daga kanto na 30 zuwa na 33 ne gazawar harshe ta zama waƙar kanta. Ya ga kogin haske, tartsatsi suna fita daga ciki suna faɗawa furannin da ke gaɓa. Ya sunkuya kamar jaririn da ya makara bai sha nono ba, ya sha da fatar idonsa, sai kogin da ke miƙe ya zama da'ira, da'irar ta zama farar fure mai faɗi wadda kowane ganyenta mazaunin wani rai ne. Ya juya zai tambayi Beatrice, sai ya tarar ta koma mazauninta, wani dattijo mai suna Bernard ya tsaya a gurbinta. A kanto na ƙarshe ya ce shi kamar mai mafarki ne da ya farka, mafarkin ya gudu, daɗinsa kaɗai ya rage yana ɗiga a zuciya. Ya ce ya ga duk abin da ke warwatse a duniya kamar takardu an ɗinke shi da ƙauna ya zama littafi guda. Ya ga da'ira uku masu launi uku da faɗi ɗaya, wato aƙidar Triniti ta Kiristoci, da surar mutum a cikin ta biyu. A nan Musulmi zai rabu da shi a aƙida, rabuwa ta asali. Ya yi ta ƙoƙarin fahimta kamar masanin lissafi da ke neman auna da'ira ya kasa, sai walƙiya ta bugi hankalinsa, ƙarfin siffantawa ya ƙare, burinsa da nufinsa suka shiga juyawa tare da ƙaunar da ke motsa rana da sauran taurari. Da kalmar taurari ya rufe kowane ɗaya daga kashi ukun.

Saura maganar Mi'iraji. Wanda ya tayar da ita wani limamin Katolika ne ɗan Sifen, masanin Larabci, Miguel Asín Palacios, a littafin da ya fitar a 1919. Ya jera kamanni: jagora da ke amsa tambayoyi, hawa sama bayan sama, hasken da ke ɗauke ido, azabar da ta dace da laifi. Masanan Italiya suka ce ta wace hanya Dante zai san wannan alhali ba ya jin Larabci? A 1949 Enrico Cerulli da José Muñoz Sendino, kowanne a nasa ɓangaren, suka buga wani littafi da ya nuna akwai hanya. A fadar Sarki Alfonso na 10 na Kastila, a ƙasar Sifen, an fassara wani labarin Mi'iraji daga Larabci zuwa harshen ƙasar, sannan wani ɗan Italiya, Bonaventura na Siena, ya mayar da shi Latin da Faransanci wajen 1264, da sunan Littafin Tsani. Brunetto Latini, wanda Dante ya kira malaminsa, ya je wannan fada a matsayin jakadan Fulorans a 1260. Littafin ba matanin ingantattun hadisai ba ne, faɗaɗɗen labari ne irin na masu ƙissa.

Hukuncina shi ne hanya ta tabbata, kwafa ba ta tabbata ba. Dante bai ambaci littafin ba ko sau ɗaya, alhali ya ambaci magabatansa biyu a tafiyar lahira tun a kanto na biyu na kashin wuta, Iniyas na waƙar Virgil, mawaƙin Rumawan da, da Bulus na Baibul wanda ya ce an ɗauke shi zuwa sama ta uku. Labaran ziyartar lahira kuma sun cika Turai ta Latin tun ƙarnuka kafin shi. Mai yiwuwa ne ƙwarai ya ji labarin ko ya karanta, wasu hotuna suka zauna masa. Amma wanda ya ce Commedia fassarar Mi'iraji ce ya faɗi abin da hujja ba ta kai ba, haka wanda ya ce babu ruwan Dante da ilimin Musulmi. Ya sanya Ibn Sina da Ibn Rushd da Salahuddin cikin manyan mutanen da ya girmama, a farfajiyar wuta, wadda ya keɓe wa nagartattun da ba Kiristoci ba.

Wajibi ne kuma in gaya maka abin da za ka tarar, don kada ka ci karo da shi ba shiri. A kanto na 28 na kashin wuta Dante ya ci mutuncin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da Sayyidina Ali, bisa gurɓataccen labarin da Turawan zamaninsa suke yaɗawa game da Musulunci. Ba na neman masa uzuri, kuma ba na karanta wa ɗalibai wannan wuri. Hasan Usman, masanin Masar da ya fassara waƙar duka zuwa Larabci, kashin farko ya fito a Alƙahira a 1959, ya cire waɗannan ɗangaye daga fassararsa. Idan kana jin Larabci, fassararsa ce zan ce ka nema, don tana da sharhi mai yawa a kan mutane da wuraren da aka ambata. Ka fara da kanto na 3 da na 14 da na 33 na Paradiso, ka karanta kowanne sau biyu, na biyun da murya a fili, sannan ka koma farkon littafin.